Tambaya da Amsa: Awa Nawa Jirgi Ke Yi Tsakanin Dubai da Guangzhou?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, na daɗe ina saro kaya a Dubai, amma bana na yi niyyar in zarce Guangzhou ta ƙasar Sin domin in ga masana'antun da idona. Ejan ɗin da ya yanka mini tikiti ya turo takarda, sai na ga an rubuta cewa jirgi zai tashi daga Dubai ƙarfe 10:00 na safe ya sauka ƙarfe 9:30 na dare, wato awa 11 da rabi. A dawowa kuma zai tashi ƙarfe 12:30 na dare ya sauka Dubai ƙarfe 5:00 na asuba, awa 4 da rabi kacal. Ta yaya hanya ɗaya za ta zama haka? Ko jirgin zuwa yana yada zango ne a wani gari ba a gaya mini ba? Kuma mene ne ainihin nisan da ke tsakanin garuruwan biyu?
Daga wani mai karatu, Fagge, Kano.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a kasuwa. Ka kwantar da hankalinka, ejan ɗinka bai ɓoye maka zango ba, kuma jirgin dawowa bai fi na zuwa gudu ba. Abin da ya rikita lissafin shi ne ka haɗa agogo biyu ka ɗauke su a matsayin ɗaya. Ƙa'idar kamfanonin jiragen sama a ko'ina ita ce su rubuta lokacin tashi da agogon garin da za a tashi, lokacin sauka kuma da agogon garin da za a sauka. Agogon Guangzhou yana gaban na Dubai da awa 4 cif, rani da damina, domin babu ɗaya daga cikin ƙasashen biyu da ke matsar da agogonta sau biyu a shekara kamar yadda ake yi a Ingila da Amurka.

To mu mayar da komai kan agogon Dubai. Lokacin da za ka sauka Guangzhou ƙarfe 9:30 na dare, a Dubai ƙarfe 5:30 ne na yamma, kuma daga 10:00 na safe zuwa 5:30 na yamma awa 7 da rabi ne. A dawowa, lokacin da jirgi zai tashi ƙarfe 12:30 na dare, a Dubai ƙarfe 8:30 ne na dare, ranar ma ba ta riga ta sauya ba a can, kuma daga nan zuwa 5:00 na asuba awa 8 da rabi ne. Ka ga ke nan lissafin ya juye gaba ɗaya: tafiyar da ka ɗauka doguwa ita ce gajera, wadda ka ɗauka ta ɗan lokaci kuwa ita ce za ta fi ajiye ka a kujera. Duk mai zuwa gabas ya cire tazarar agogo daga abin da ya gani a tikiti, mai zuwa yamma kuma ya ƙara ta.

Nisan kansa ba ya sauyawa. Idan aka auna hanya mafi gajarta a kan doron ƙasa daga babban filin jirgin Dubai zuwa filin Baiyun na Guangzhou, kusan kilomita 5,830 ne, ko mil 3,620 ga masu lissafi da mil. Domin ka kwatanta da abin da ka sani, daga filin Malam Aminu Kano zuwa Legas ta sama kusan kilomita 830 ne, wato tafiyarka ta ninka Kano zuwa Legas sau 7. Ga wanda ya taɓa sauke farali kuwa, Kano zuwa Jidda kusan kilomita 3,400 ne, saboda haka wannan tafiya ta kusa ninka ta sau biyu amma ba ta kai ba.

Manyan jiragen da ke yin irin wannan doguwar hanya, kamar Boeing 777 da Airbus A380, idan sun kai ƙololuwarsu, wajen kilomita 10 zuwa 12 a sama, suna gudun kusan kilomita 900 a awa ɗaya, kuma bambancin gudu tsakaninsu kaɗan ne ƙwarai. Idan ka raba 5,830 da 900 za ka sami awa 6 da rabi. Sai ka ce to ina sauran awa ɗaya ta tafi? Lokacin da ke rubuce a tikiti yana farawa ne tun daga sa'ar da aka ja jirgi baya daga ƙofar da kuka shiga, ba daga sa'ar da ƙafafunsa suka bar ƙasa ba, kuma ba ya ƙarewa sai jirgi ya tsaya cik a ƙofar sauka. Filin Dubai titin tashi da sauka biyu gare shi, amma fasinjojin da suka bi ta cikinsa a 2024 sun haura miliyan 90, saboda haka ba abin mamaki ba ne jirgi ya yi minti 15 ko 20 yana bin layi a ƙasa kafin a ba shi izini. Bayan ya tashi yana buƙatar kusan rabin awa kafin ya kai ƙololuwa, kuma a duk wannan lokacin bai kai cikakken gudunsa ba. Haka idan ya kusa sauka dole ya rage gudu tun daga nesa. Kamfanoni kuma sukan ƙara 'yan mintuna a jadawali domin kada a riƙa lissafa su cikin masu latti.

Sa'annan jirgi ba ya bin miƙaƙƙiyar hanyar nan daidai wa daida. Sama ma tana da hanyoyi da mahaɗa kamar ƙasa, kowace ƙasa kuma tana da ikon sararin samaniyarta da ƙofofin da ta yarda a shigo ta cikinsu. Daga Dubai jirgi yakan tsallaka Tekun Oman, ya bi ta wajen Pakistan, ya ratsa Indiya, ya wuce ta yankin Bangaladash da ƙasar Bama (Myanmar), sa'annan ya shiga Sin ta kudu maso yammacinta, wajen lardin Yunnan. A Sin babban kaso na sararin sama yana hannun sojoji, jiragen fasinja kuwa an keɓe musu hanyoyin da ba su da ikon kauce musu sai da izini. Duk wannan lanƙwasa tana ƙara ɗaruruwan kilomita a kan adadin da na ba ka. Siyasa ma takan sa baki: a 2019, bayan rikici da Indiya, Pakistan ta rufe sararin samaniyarta a ƙarshen watan Fabrairu ba ta buɗe shi gaba ɗaya ba sai tsakiyar Yuli, kuma a tsawon watannin nan jirage da dama sai da suka riƙa zagaye.

Saura awa ɗayar da dawowa ta fi zuwa, kuma wannan aikin iska ne. A daidai tsayin da jirage ke tafiya akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas a kan siririyar hanya, tamkar kogi a sararin sama, wadda gudunta kan wuce kilomita 200 a awa ɗaya a tsakiyarta. Wani masanin yanayi ɗan Japan mai suna Wasaburo Oishi ne ya fara auna ta sosai a shekarun 1920, ta hanyar sakin balan-balan yana bin su da na'ura yana ganin yadda suke shekawa gabas. Wanda ya taɓa shiga kwale-kwale a Yauri ko Lokoja ya san cewa tuƙi ɗaya, ƙarfin damtse ɗaya, amma mai bin ruwa ya riga mai haye ruwa isa. Mai zuwa Guangzhou bin ruwa yake yi, mai dawowa Dubai kuwa haye shi yake yi.

Bari in sa alƙaluma a matsayin misali. A ce hanyar kilomita 6,000 ce, jirgi na gudun 900, iska kuma tana kaɗawa da gudun 100. A zuwa gudunsa a kan ƙasa ya zama 1,000, ya isa cikin awa 6. A dawowa ya koma 800, ya ɗauki awa 7 da rabi. Da babu iskar sam, kowace tafiya awa 6 da minti 40 za ta ci. Ka lura cewa iska ta ba ka minti 40 a zuwa, amma ta karɓe minti 50 a dawowa, domin jirgi ya fi daɗewa a cikin iskar da ke tare shi fiye da wadda ke tura shi. Wannan ne ya sa matuƙa suke neman tsakiyar kogin iskar idan za su gabas, suke kauce masa idan za su yamma, ko da kaucewar ta ƙara musu nisa.

Idan ka zauna, Alhaji, ka kunna ƙaramin allon da ke bayan kujerar gabanka ka nemi shafin taswira. Tsakanin hotunan da yake juyawa zai nuna maka gudun jirgi a kan ƙasa, da tsayin da yake, da sanyin waje wanda yakan kai digiri 50 ƙasa da sifili, da kilomitocin da suka rage. Na taɓa zuba wa allon nan ido a wata tafiya ta hunturu, muna saman arewacin Indiya, na ga gudun ya haura 1,000 alhali shayin da ke gabana ko motsi ba ya yi. A dawowa a daidai wannan yanki da ƙyar ya kai 800. Jirgi iri ɗaya ne, hanya kuma kusan ɗaya.

Ƙarfin iskar nan yana bin lokacin shekara. Da hunturu, daga wajen Nuwamba zuwa Maris, tana saukowa kudu da tsaunukan Himalaya ta kwanta a saman arewacin Indiya da kudancin Sin, wato daidai kan hanyarka, kuma a lokacin ne tazarar zuwa da dawowa ta fi faɗi. Idan daminar Indiya ta kama a watan Yuni sai ta ƙaura arewa da tudun Tibet, tazarar ta ragu sosai. Saboda haka wanda ya je baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou a watan Oktoba da Nuwamba, da wanda ya je saro kaya a watan Yuli, kowa zai ba da labari daban game da tsawon dawowa, kuma dukansu gaskiya suka faɗa.

Abu na ƙarshe a kan tikitinka, kuma shi ne wanda na fi so ka riƙe. Jirgin dawowarka na ƙarfe 12:30 na dare za ka ga an rubuta shi 00:30, da kwanan watan ranar da ta riga ta shiga. Idan an rubuta Asabar, to daren Juma'a za ka tafi filin jirgi, ka kasance can tun wajen ƙarfe 9:30 na dare. Na taɓa ganin wani dattijo a gaban teburin auna kaya da buhuna huɗu a kan amalanke, ya zo daren Asabar da cikakken shirinsa, ma'aikaciyar ta duba tikitin ta gaya masa cewa jirginsa ya tashi tun kusan awa 21 da suka wuce. Ya daɗe yana kallon takardar kafin ya ce komai, kuma sai da ya biya kuɗin sauya tikiti da na ƙarin kwana a masauki. Haka nan idan ka ga alamar +1 kusa da lokacin sauka, ana nufin washegari ne za a sauka.

TAMBAYA: Malam, tun da an koya mana cewa duniya tana juyawa daga yamma zuwa gabas, ashe ba jirgin da ya nufi yamma ne ya kamata ya riga isa ba, tun da garin da ya nufa yana tahowa wajensa? Kuma me ya sa a taswira ake zana hanyar jirgi a lanƙwashe kamar baka, alhali miƙaƙƙen layi ya fi kusa?
Daga wani ɗalibi, Damagaram.

AMSA: Tambayarka ta mai tunani ce, ɗana, kuma manya da yawa sun yi wannan zato. Gaskiya ne duniya tana juyawa gabas, kuma da gudu mai yawa: a kan layin da ya kewaye ta ya raba ta arewa da kudu kusan kilomita 1,670 a awa ɗaya, a daidai layin da Dubai da Guangzhou suke kuwa kusan 1,500. Sai dai ba ƙasa ce kaɗai ke juyawa ta bar iska a tsaye ba. Iskar da ta lulluɓe duniya tana juyawa tare da ita, jirgin da ke ajiye a filin Dubai ma yana juyawa tare da ita tun kafin ya kunna inji, kuma idan ya tashi ba ya zubar da wannan gudun. Ka tuna ƙuda a cikin motar da ke sharara gudu: yana tashi daga kujerar baya zuwa ta gaba, ya dawo, ba tare da gilashin baya ya make shi ba, domin iskar cikin motar tana tafiya tare da motar. Da a ce ƙasa tana zamewa daga ƙarƙashin duk abin da ya tashi sama, da tsuntsun da ya bar sheƙarsa bai ƙara ganinta ba.

Juyawar duniya tana da hannu a maganar, amma ta bayan fage. Iska mai ɗumi da ke tashi a yankunan zafi ta nufi arewa a can sama, juyawar duniya ce ke karkatar da ita gabas har ta zama kogin iskar da na bayyana wa Alhaji. Sakamakon ya zama akasin abin da ka zata: mai zuwa gabas ne yake riga isa.

Ita ma tazarar agogo daga juyawar nan ta fito. Duniya tana juya digiri 15 a kowace awa, tsakanin Dubai da Guangzhou kuwa akwai kusan digiri 58, ka raba da 15 ka sami awa 4 ba 'yan mintuna. A nan agogon hukuma ya yi daidai da na rana. Ba kullum ake samun haka ba, domin ƙasar Sin duk faɗinta agogo ɗaya take bi, na Beijing, Indiya kuma da jirgi ke ratsawa tazararta da Dubai awa 1 da rabi ce.

Game da layin da ke lanƙwashe, ka nemi lemo da zare. Ka ɗiga alama biyu a saman rabin lemon, nesa da juna amma tsayi ɗaya, ka ɗora zaren a kansu ka ja shi ya miƙe sosai. Za ka ga zaren bai bi ta kewayen lemon a kwance ba, ya ɗan hau wajen hancinsa sa'annan ya sauko. Wannan ita ce hanya mafi gajarta a kan abu mai siffar ƙwallo. Taswirar da ke rataye a ajinku, wadda yawanci ake yin ta bisa tsarin da Gerardus Mercator ya fitar a 1569, ɓawon lemon ne aka ɓare aka shimfiɗa aka ja shi ya cike takarda, saboda haka hanyar da take miƙe a kan ƙwallo takan fito a lanƙwashe a kanta. Dubai tana digiri 25 arewa, Guangzhou tana digiri 23, amma zaren da ya haɗa su yana hawa har wajen digiri 27 a saman arewacin Indiya, dab da gindin Himalaya.

A nan ne matuƙa kan ja baya zuwa kudu, ba don jirgi ba zai iya haye dutse ba, tun da Everest kansa, dutse mafi tsayi a duniya, mita 8,849 ne, jirgi kuma yana sama da shi. Dalilin shi ne tanadin gaggawa. Idan iskar cikin jirgi ta tsere ta wata ɓaraka, abin rufe hancin da ke saukowa daga saman kujera na 'yan mintuna ne, kuma dole matuƙi ya gangara da sauri zuwa wajen mita 3,000 inda mutum zai iya numfashi da kansa. Tudun Tibet kuwa shimfiɗarsa ma ta haura mita 4,000, ga filayen sauka ba su da yawa. Shi ya sa yawancin jirage suke bin gefensa.

TAMBAYA: Ina sayar da atamfa da leshi, kuma an nuna mini tikiti biyu daga Dubai zuwa Guangzhou, ɗaya kai tsaye, ɗaya kuma mai sauƙin kuɗi wanda zai tsaya a Bangkok. Wanne ya fi? Wasu kuma sun ce in bar Dubai in bi ta Doha ko Adis Ababa tun daga gida.
Daga wata Hajiya, Katsina.

AMSA: Hajiya, barka da ƙoƙari. A nisa zagayen Bangkok ba shi da yawa: Dubai zuwa Bangkok kusan kilomita 4,900, Bangkok zuwa Guangzhou kusan 1,700, jimla 6,600, wato ƙarin ƙasa da 800 a kan hanyar kai tsaye. Inda lokaci yake tafiya shi ne sauka da jira da sake tashi. Zaman cikin jirgi kaɗai zai haura awa 9, ki ɗora awannin zango a kai, tafiyar awa 7 da rabi ta koma ta awa 12, wani lokaci har 20 idan jiran na kwana ne. Kada ki duba lokacin tashi da na sauka kawai, ki nemi wurin da aka rubuta jimlar tsawon tafiya, kuma ki tambayi ejan ko tikitin ɗaya ne ko biyu aka haɗa. Idan ɗaya ne, kayanki za su wuce da kansu, kuma idan jirgin farko ya yi latti nauyin kamfani ne ya sama miki wani. Idan biyu ne, mai yiwuwa sai kin fita kin karɓi kaya kin sake aunawa, abin da kan buƙaci bizar ƙasar da kika yada zango, kuma idan jirgi na biyu ya tafi ya bar ki asarar taki ce. A ganina, mai ɗauke da kuɗin saro kaya kuma tafiyarta ta farko ke nan, gara ta biya ƙarin ta tafi kai tsaye.

Game da hanya tun daga gida, miƙaƙƙen zare daga Kano zuwa Guangzhou kusan kilomita 10,940 ne, kuma abin sha'awa shi ne yana bi ta kusa da Dubai ƙwarai: Kano zuwa Dubai kusan 5,120, ki haɗa da 5,830 ki sami 10,950. Doha ma tana kusa da zaren, daga can zuwa Guangzhou kusan 6,200. Ta Adis Ababa kuwa, 3,330 ne daga Kano, sa'annan kusan 8,040 zuwa Guangzhou a zama ɗaya na wajen awa 10, jimla ta haura 11,300. Bambancin bai kai awa ɗaya ta tafiya ba, saboda haka abin dubawa shi ne tsawon zango, da kilo nawa aka ba ki, da ko jirgin daga Kano zai tashi ko sai kin je Abuja ko Legas tukuna.

Ki kuma bar wa yanayi gurbi a lissafinki. Daga Afrilu zuwa Satumba damina ce a Guangzhou, da tsawa da guguwar teku da kan jinkirta jirage, Dubai kuma da hunturu hazo kan rufe ta da asuba. A watan Afrilu na 2024 ruwan sama ya malale filin jirgin Dubai har aka soke jirage masu ɗimbin yawa. Zangon da bai kai awa 2 ba yana da haɗari a irin waɗannan lokuta. Bayan sauka kuma filin Baiyun yana kusan kilomita 28 arewa da tsakiyar gari, ga layin jami'an shige da fice, ga jiran kaya, saboda haka kafin ki isa masauki a unguwar Xiaobei, inda 'yan kasuwar Afirka suka fi sauka kuma ake samun abincin halal, ki ƙiyasta ƙarin awa 2.

TAMBAYA: Yaya lokutan salla suke kasancewa a wannan tafiya, kuma me ya sa waɗanda suka je suke cewa barci yana gagararsu?
Daga wani mai karatu, Zangon Kumasi.

AMSA: Malam, hukuncin ƙasaru da haɗa salloli na malamai ne, ka nemi naka kafin ka tashi. Abin da zan iya ba ka shi ne lissafin rana. Mai zuwa gabas yana tarar rana ne, saboda haka yininsa gajere ne. A jirgin da Alhaji na Fagge ya ambata, za a tashi da hantsi, amma cikin awa 7 da rabi azahar da la'asar da magariba da isha duk za su shiga, kuma tsakanin wata da wata bai kai yadda ka saba a gida ba. Kada ka dogara da agogon hannunka ko na wayarka, domin suna nan a kan lokacin Dubai. Ka ɗaga murfin taga ka duba rana, kuma wasu jiragen ƙasashen Larabawa suna nuna alƙibla a allon kujera. Mai azumi zai ga rana ta faɗi da wuri a zuwa, idan kuma da rana ya dawo, yinin zai yi masa tsawo da kusan awa 4. Jirgin dawowa na tsakar dare kuwa kusan duk tafiyarsa cikin duhu yake yin ta, domin yana gudu yamma alfijir na bin sa a baya da gudun 1,500 shi yana yin 800, ba ya cim masa sai an kusa Dubai.

Maganar barci kuwa, jiki yana da nasa agogon da ba ya sauyawa da sauka daga jirgi. Ghana tana bayan Guangzhou da awa 8, Nijeriya da Nijar kuma da awa 7. Lokacin da shaguna ke buɗewa ƙarfe 9:00 na safe a can, jikin mutumin Kumasi yana ƙarfe 1:00 na dare, na mutumin Kano yana ƙarfe 2:00, shi ya sa za ka ga ɗan kasuwa yana gyangyaɗi a gaban mai kaya da rana tsaka, da dare kuma idonsa biyu har asuba. Jiki yakan gyara kusan awa ɗaya a kowace rana, kuma zuwa gabas ya fi dawowa yamma wuya. Wanda ya kwana biyu ko uku a Dubai ya riga ya rage wani abu daga tazarar, tun da Dubai tana gaban Kano da awa 3, tana gaban Kumasi da awa 4. Idan ka sauka da dare ka kwanta ko da barcin bai zo ba, da safe ka fita cikin hasken rana, ka jinkirta cinikin da ya fi girma zuwa kwana na biyu ko na uku. Idan za ka kira gida ka sanar da su ka sauka lafiya, ƙarfe 9:30 na dare a Guangzhou ƙarfe 1:30 ne na rana a Kumasi, ƙarfe 2:30 a Kano da Yamai.